Shekarar da Na Yi Ina Sauraren Cikin Dutse

A farkon 2012 ina aiki a wata cibiyar sarrafa bayanan binciken mai a Dubai. Wata safiya shugaban sashenmu ya kira ni ofishinsa, ya ce aiki ya zo daga arewacin Iraƙi, yankin Kurdawa, kuma ni aka ɗora wa. Layukan binciken sizmik ne da aka ja a kan wani tsauni tsakanin Duhok da Akre. Ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa ya ce, "Zauna ka duba wannan tukuna, sannan mu yi maganar lokacin da za ka gama."

Ga wanda bai san sana'ar ba, ga yadda take. Ana haƙa rami mai zurfin mita 10 zuwa 20, a sa nakiya, a toshe, a tayar. Girgizar ta nutsa cikin ƙasa, duk inda ta tarar dutse ya canja iri sai wani ɓangarenta ya dawo sama. Amsa-kuwwa ce, ba wani abu ba. A saman ƙasa an jera ɗaruruwa ko dubban ƙananan na'urori masu tsini da ake kira jiyofon, an caccaka su a ƙasa, suna rubuta motsinta duk bayan milisakan 2, wato kashi 2 cikin 1,000 na sakan, har na tsawon sakan 6 ko fiye. Abin da jiyofon ɗaya ta rubuta daga harbi ɗaya shi ne zare ɗaya. Mu 'yan cibiya ba ma haƙa rami, ba ma harbi. Namu shi ne mu karɓi miliyoyin zaruruwan nan mu tace su, mu jera su, mu fitar da hoton shimfiɗun dutse na kilomita 3 ko 4 ko 5 a ƙarƙashin ƙasa, wanda da shi za a zaɓi inda za a kafa injin haƙa rijiya.

Kafin Dubai na yi shekaru a Fatakwal a kan bayanan Neja Delta. Can yashi ne da laka, shimfiɗa kan shimfiɗa, gudun sauti yana ƙaruwa a hankali yadda kake nutsawa. In kuma a teku ne, jirgi yana jan na'urorin duk a zurfi ɗaya, cikin ruwan da sauti ke gudun kusan mita 1,500 a sakan ko'ina. Rikodin harbi ɗaya daga can, tun kafin ka taɓa shi, za ka ga lanƙwasassun layuka sun jeru tsaf, kowane yana gaya maka zurfinsa. Abin da shugabana ya nuna mini ran nan ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Isowar farko ta sautin a karye take, tana tsalle sama da ƙasa, abin da ke ƙarƙashinta kuwa hayaniya ce zalla daga sama har ƙasa.

Dalilin da ya sa mutane ke zuba kuɗi a irin wannan wuri ba ɓoyayye ba ne. Yankin ƙasar Larabawa yana matsawa arewa yana dannar na Iran da Turkiyya da kusan santimita 2 a shekara, kuma ya daɗe yana yi. Matsin nan ne ya lanƙwasa shimfiɗun dutse ya tayar da tsaunukan Zagros, kimanin kilomita 1,600 daga kudu maso gabashin Turkiyya har mashigar Hormuz. Kowane tsauni lanƙwasa ce mai tozo, kowane kwari lanƙwasa ce mai ciki. Mai ya fi ruwa rashin nauyi, saboda haka yana hawa cikin dutse har ya kai ƙarƙashin tozon, in akwai murfi a can ya tsaya. Haka aka sami man Masjid Sulaiman a Iran a 1908, da na Baba Gurgur kusa da Kirkuk a watan Oktoban 1927, da idon masanan duwatsu da gudumarsu da kamfas ɗinsu. A zamanin da nake ba da labari yankin Kurdawa ya buɗe sabo. Kamfanin DNO na Norway ya sami mai a Tawke kusa da Zakho a 2006, gwamnatin yankin ta yi dokar manta a 2007, Gulf Keystone ya sami Shaikan a 2009, ExxonMobil ta shigo a ƙarshen 2011, Chevron da Total suka biyo baya a 2012. Kowa yana sauri, kowa yana son hoto jiya-jiya.

Na yi tarin farko, na buga shi a doguwar takarda na manna a bango. A kwarin arewa da kwarin kudu shimfiɗun sun fito, ana iya bin su da yatsa. Da layin ya fara hawa tsauni sai su dusashe, a ƙarƙashin tozon su ɓace ƙurmus. Wurin da man zai kasance in akwai shi, wurin da aka kashe kuɗin duka domin a gani, shi ne wurin da babu komai a takardar.

Sai na ɗan tsaya a kan maganar tari, domin a nan ciwon yake. Tun shekarun 1950 wani Ba'amurke mai suna Harry Mayne ya fito da dabarar da duk sana'ar ta ginu a kanta: a saurari wuri ɗaya na ƙarƙashin ƙasa sau da yawa, daga harbi daban-daban da jiyofon daban-daban, a gyara bambancin nisansu, sannan a tara zaruruwan wuri ɗaya. Amsa-kuwwar gaskiya tana ƙara ƙarfi, hayaniya tana cinye junanta. Wanda ya taɓa wucewa ta bayan ajin Islamiyya ya san wannan. In yara sittin suka ja aya tare, daga nesa za ka ji kowace kalma; in kowa ya fara a lokacinsa, muryoyin nan sittin ɗin ne dai, amma guna-guni kawai za ka ji. Aikinmu shi ne mu sa zaruruwan su fara tare. Dabarar Mayne ta ɗauka saman ƙasa a miƙe yake, shimfiɗun ma kusan a kwance. A kan tsauni babu ɗaya daga cikin biyun.

Ga lissafin da ke hana mai sarrafa bayanan tsauni barci. Busasshiyar ƙasa da tsakuwa, sauti yana ratsa su da gudun mita 500 a sakan, ko ɗan fiye. Dutsen farar ƙasa mai tauri, irin wanda ake siminti da shi a Ashaka da Kalambaina, yana kai mita 5,000 har ya wuce. Mita 20 na ƙasar can suna cin milisakan 40, mita 20 na dutsen nan suna cin 4. Jiyofon biyu maƙwabta, ɗaya a kan tsakuwa ɗaya a kan dutse, sun bambanta da milisakan 36 tun sautin bai je ko'ina ba. Igiyar sautin da muke nema kuwa, in tana kaɗawa sau 25 a sakan, tsawonta duka milisakan 40 ne. Kuskuren milisakan 20 kaɗai ya isa tudun wannan zare ya faɗa kan ramin wancan, su shafe juna. A layinmu tsakanin gindin kwari da kan tsauni akwai tazarar tsayi ta kusan mita 800, kuma kowane taku da irin dutsensa. Ke nan 'yan mitocin saman ƙasa, waɗanda babu wanda ke neman mai a cikinsu, su ke yanke hukunci a kan hoton kilomita 4 a ƙasa.

Na bi duk hanyoyin da aka sani. Na tsinci isowar farko a zaruruwan, na lissafa kauri da gudun ƙasar sama da ita, na yi gyaran lokaci, na sake tari. Kwaruruwan suka ƙara kyau. Tozon bai motsa ba. Na canja wata hanyar, na sake canjawa, makonni suna tafiya, masu aikin suna bugo waya kowace Lahadi. Daga ƙarshe shugabana ya rubuta musu cewa yana so a kai ni filin, tunda ma'aikatan harbi ba su tashi ba, suna kan sauran layukan. Sun yi gardamar kuɗin tafiya, sannan suka yarda.

Na sauka Arbil cikin bazararsu, muka ɗauki hanya ta arewa muka haye Kogin Zab Babba. Ƙasar kore shar, kan manyan tsaunukan can nesa har lokacin da sauran dusar ƙanƙara. Abu na farko da aka yi mini a sansani shi ne zaman gargaɗi a kan nakiyoyin da aka binne. Yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988, da yaƙe-yaƙen da gwamnatin Bagadaza ta yi da Kurdawa, sun bar su birjik a tsaunukan nan, kuma ƙungiyar MAG tana aikin kwashe su tun 1992. Masu share hanya suna gaba, safiyo na biye, sannan masu haƙa, sannan masu shimfiɗa waya. An jera duwatsu an shafa musu fenti, fari ta ɓangaren da aka share, ja ta ɓangaren da ba a share ba. Aka ce mini ko hularka iska ta kai bayan jan dutse, ka bar ta.

A nan na fahimci abin da ya sa layin da na gani a taswira yake karkacewa ba dalili. Yana kauce wa filin nakiya, yana kauce wa gangaren da ko akuya ba za ta bi ba, yana kauce wa maƙabarta da gonar inabi. A ofis karkatar ba ta fi ɗan yatsa ba. A ƙasa tana nufin zaruruwan da nake tarawa da sunan wuri ɗaya sun fito ne daga wurare masu nisan ɗaruruwan mitoci da juna, a kan dutsen da ke gangarawa gefe.

Mota tana kai mu iya inda za ta iya, daga nan ƙafa. Alfadarai ne ke ɗaukar waya da batura da buhunan jiyofon, injin haƙa kuwa a wasu wuraren sai jirgi mai saukar ungulu ya sauke shi gunduwa-gunduwa a haɗa. A kan tozon babu ƙasa sam, farin dutse ne tsirara, ya tsattsage, ruwan sama ya cinye shi ya bar ramuka masu kaifin baki. Na tsuguna kan wata jiyofon da aka soka a tsagar dutse aka tallafe ta da tsakuwa. Na sa yatsa na taɓa ta, ta yi lilo. Na'urar da ake so ta ji motsin da bai kai kaurin gashi ba, ita kanta rawa take. Saurayin da ya dasa ta yana tsaye a kaina, tafinta ya fassara mini maganarsa: "Injiniya, ina zan samo ƙasa a nan? Nuna mini in caka." Gaskiyarsa ne. Daga ranar shugaban tawagar ya sa ana huda dutsen da ƙaramin injin hannu daidai kaurin tsinin, a danna jiyofon ɗin har ta kama. Aikin ya rage sauri, ma'aikata suka yi ƙorafi, amma rikodin yammacin ranar ya bambanta da na jiyanta, kuma na gani da idona a motar rikodi.

Na tsaya an yi harbi a kwari, na tsaya an yi a kan tsauni. Na kwari ba ka jin sa sosai da kunne, a tafin ƙafa kake jin sa, dum, alamar ƙarfin ya shiga ƙasa. Na kan tsauni ya yi ƙara har tsuntsaye suka tashi, sai ga ƙura tana fitowa daga wata tsaga taku goma sha daga bakin ramin. Cikin dutsen duk kogwanni ne. Nakiyar ta huce haushinta a cikin iska, ɗan abin da ya shiga dutsen kuma ya bi saman ƙasa yana dukan kowane gangare da kowane bakin kogo yana dawowa ta gefe. Hayaniyar da na yi makonni ina kallo a Dubai ke nan, yau ga ta a gabana.

Wanda ya fi amfanata a tafiyar wani dattijo ne Bakurde, masanin duwatsu, wanda kowa ke ce wa Mamosta, wato malam. Ya yi shekaru yana taka tsaunukan nan. Ya duba takardata da na zo da ita, ya naɗe ta, ya ce, "Ɗana, gobe ka bar wannan a tanti, ka sa takalmi mai kyau." Ya kai ni wani kwazazzabo inda rafi ya yanka tsaunin gida biyu, cikinsa ya fito fili. A sama farin dutse mai kauri, shi ne Pila Spi, wanda ya lulluɓe bayan tsaunin. Ƙarƙashinsa wani ja wur, Gercus. Ƙarƙashin wannan wani mai duhu-duhu, Kolosh. Can ƙasa da su ne duwatsun da ake sa ran mai, irin su Shiranish da Bekhme da Qamchuqa. Ya miƙo mini gudumarsa ya ce in bugi farin. Ya yi ƙara, gudumar ta dawo mini a hannu. Muka sauka ya ce in bugi jan. Gudumar ta nutse, na ɗebo gutsure na murje shi da yatsu ya zama gari.

Na ce, "Mamosta, ke nan mai sauri ne a sama, mai nawa a ƙasa."

Ya ce, "Haka Allah ya jera su. Kwamfutarku ta san da haka?"

Ba ta sani ba, kuma ba yadda za a yi ta sani daga isowar farko. Duk hanyoyin da ke auna ƙasar sama da isowar farko sun ginu ne a kan cewa gudu yana ƙaruwa da zurfi. In farin dutse mai sauri ya hau kan jan dutse mai nawa, sautin da ke riga kowa isowa yana bin farin ne kawai, ba ya leƙa abin da ke ƙasansa. Lissafin sai ya cika cikin tsaunin duka da gudun farin dutse, lokutan su karkace, zurfin ya karkace.

Muka zagaya ta fuskar kudu yana aza kamfas a kan duwatsu yana faɗa ina rubutawa. A arewa shimfiɗun sun jingina da digiri 20 zuwa 30. A kudu sun miƙe tsaye, 70, 80, a wani wuri ma sun wuce tsaye sun kife. Wannan ya fi komai yi mini nauyi. Sautin da ya bugi shimfiɗar da ke tsaye ba sama yake dawowa ba, gefe yake tafiya, ya fito can kilomitoci bayan inda wayarmu ta ƙare, ko ya nutse bai fito ba. Abin da ba a rubuta a fili ba, babu kwamfutar da za ta fito da shi, ko nawa aka saye ta.

A hanyar dawowa muka ratsa wani kufai, tushen gidaje na dutse da itatuwan ɓaure da suka girma ba mai kula. Ɗaya daga cikin masu jan alfadari, magidanci ne, ya tsaya ya nuna wani ɗaki da ya rage rabin bango ya ce a nan aka haife shi. An rushe ƙauyen a 1988, shekarar Anfal, lokacin da aka share ƙauyukan Kurdawa masu yawan gaske. Muka yi addu'a. Da muka ci gaba ya matso kusa da tafinta ya ce a tambaye ni, tunda ni ne mai ganin cikin ƙasa, akwai mai a ƙarƙashin garinsu? Na ce a gaya masa har yanzu hoton bai fito ba, kuma in ya fito ma siffar dutse zai nuna, rijiya ce kaɗai ke tabbatar da mai. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya sa alheri. Na daɗe ina tuna tambayar nan, domin ta nuna mini mutanen da ke ƙarshen zaren aikinmu, waɗanda ba su taɓa zuwa a rahoto ba.

Na koma Dubai da kwafin littattafan fili, waɗanda mai rikodi da safiyo ke cikawa da hannu, da taswirar Mamosta. Ba a turo mana littattafan tare da faifan bayanai ba tun farko, ana ganin ba su da amfani. A cikinsu muka tarar da wuraren da aka gusar da ramin harbi mita 30 ko 50 saboda dutse ya ƙi haƙuwa, an rubuta a littafi amma ba a shigar a fayil ba. Muka tarar da daren da tumaki suka tauna waya, da ranakun iska mai ƙarfi. Muka gyara mazaunin kowane harbi. Aka ƙara mini mutum biyu, muka zauna muka bi isowar farko da hannu, harbi bayan harbi, domin na'urar tsinta ta kan yi tsalle ta kama igiya ta biyu duk inda hayaniya ta yi yawa. Aiki ne mai cin ido da wuya, babu wanda ke yabonka a kansa, amma duk abin da zai biyo baya a kansa yake tsaye.

Daga nan muka gina samfurin gudun sauti na cikin tsaunin, muka fara daga abin da ido ya gani: farin dutse a inda yake da kaurinsa da jinginarsa, ja a ƙarƙashinsa, mai duhu a ƙarƙashin ja. Muka bar lissafin kwamfuta ya gyara samfurin, amma ba mu bar shi ya ƙetare iyakokin taswirar ba. Muka daina tsohuwar al'adar sauko da komai kan miƙaƙƙen layi ɗaya kamar tsaunin ba ya nan. Muka bar kowane harbi da kowace jiyofon a tsayinsu na gaskiya, muka sa kwamfuta ta bi hanyar sautin daga nan ta mayar da kowace amsa-kuwwa mazauninta cikin zurfi. Kowane zagaye yana cin kwanaki a manyan injunan cibiyar. Ka duba, ka gyara gudu, ka sake turawa.

Hoton ya fito, ba duka ba. Fuskar arewa ta bayyana tun daga kwari har kusa da tozo, kuma ta nuna abu mai muhimmanci: tozon da ke can ƙasa ba ya daidai ƙarƙashin tozon da ke sama, ya gusa arewa da ɗaruruwan mitoci. Wanda ya kafa injin a ƙololuwar tsauni ya haƙa a miƙe, zai iya faɗawa cikin shimfiɗun kudu masu tsaye ya yi ta bin dutse ɗaya bai kai inda yake nema ba. Amma ƙarƙashin fuskar kudu da wani ɓangare na tozon, faɗin kusan kilomita 2, ya zauna babu komai.

Ranar miƙa aiki wakilin masu aikin ya zo da kansa. Matashi ne, ƙwararre, kuma a bayyane yake akwai masu matsa masa daga sama, taron abokan jari yana gabansa. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya sa alƙalami a ƙarshen layin arewa, ya ja shi a iska zuwa wani guntun layi a kudu. Ya ce, "Ba za ku iya haɗa mana wannan da wannan ba? Na san kuna da abin yi."

Muna da shi kuwa. Akwai matatar da ke ƙarfafa duk abin da ya yi kama da layi, akwai gyaran lokacin da ke gusar da kowane zare har ya dace da maƙwabcinsa. In aka yi amfani da su da awo, magani ne. In aka matsa musu, za su jera maka hayaniya ta bi duk jinginar da ka nuna musu. Shugabana bai yi masa musu ba. Ya ce, "Yallaɓai, ba mu minti goma." Ya sa na ƙirƙiro zaruruwa na lambobin kara-zube, waɗanda ba su taɓa jin ƙamshin dutse ba, na bi da su ta matatun nan biyu da ƙarfi. A gaban idon baƙon shimfiɗu suka fito, santala-santala, har da tozo. Shugabana ya ce, "Wannan babu Iraƙi a cikinsa, babu ko'ina. In kuna so mu yi wa naku haka, za a iya, amma ba da sunanmu ba, kuma ba zan so ku kafa rijiya a kansa ba."

Ɗakin ya yi tsit. Ban taɓa ganin an kare mutuncin sana'a da 'yan kalmomi haka ba, kuma har yau ina ganin abin da ya yi shi ne daidai. Rijiya ɗaya a tsaunukan nan tana cin miliyoyin daloli gommai, da hanyar da za a fasa, da gonakin da za a biya diyya, da mutanen da za su yi watanni a kan injin. Farin wuri a hoto yana gaya wa mai yanke shawara ya yi hattara. Layin ƙarya yana gaya masa ya saki jiki.

Abin da muka miƙa shi ne hoton yadda yake, da wani a kansa mai launi uku, kore inda muka amince, rawaya inda muke zato, ja inda babu bayani. Muka haɗa da samfurin gudu uku, kowane ya dace da bayanan daidai gwargwado, amma zurfin saman dutsen man ya bambanta a tsakaninsu da ɗaruruwan mitoci. Ba su ji daɗi ba. Sun kai bayanan wata cibiya, wanda al'ada ce a sana'ar kuma haƙƙinsu ne. Da kaka ta zagayo suka dawo mana da sabon layi: sun tsawaita waya sosai ta kudu, sun zuba harbi a kwaruruwan biyu inda ƙasa ke karɓar nakiya, suna saurare daga ɗaya gefen, yadda sautin zai ratsa ƙarƙashin tozon ba tare da ya bi ta kogwannin sama ba. Jan wurin ya ragu fiye da rabi. A filin aka cike giɓin, da waya da alfadarai. A 2014, bayan 'yan ISIS sun kama Mosul a watan Yuni suka doshi Arbil a watan Agusta, kamfanoni suka kwashe ma'aikatansu, ayyukan yankin suka tsaya mana cak, aka mayar da ni kan bayanan teku.

Abin da ya sa na ga ya kamata in rubuta wannan da Hausa shi ne abin ya iso gida. An haƙa rijiyar Kolmani ta farko a kwarin Gongola a 1999, aka fara ta biyu a watan Fabrairun 2019, aka sanar da samun mai a watan Oktoban shekarar, a iyakar Bauchi da Gombe. Tuddanmu ba su kai Zagros ba, amma duk wanda zai ja layi ta duwatsun Bima, ko ta Tula da Kaltungo, ko ta kan baƙin dutsen aman wuta na tudun Biu, zai tarar da matsalar nan da na ba da labari: mai tauri a sama, mai laushi a ƙasa, da saman ƙasa mai hawa da sauka. Kuma mun san abin da tattara bayanai ke ci a wajenmu. A watan Yulin 2017 an yi wa tawagar binciken mai kwanton ɓauna a yankin Magumeri na Jihar Borno, aka kashe mutane da dama, cikinsu da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri. Bayanan da aka samo da irin wannan farashi ba su cancanci a tura su wata ƙasa a faifai tsirara, a hannun wanda bai taɓa ganin wurin ba.

Roƙona ga masu ba da kwangilar wannan aiki a ƙasarmu shi ne su rubuta sharuɗɗa uku a takarda: mai sarrafa bayanan zai taka layin da ƙafarsa tare da masanin duwatsun yankin, za a ba shi littattafan fili tare da faifan, kuma zai nuna a jikin hoton inda bai gani ba. Malaman sashen ilmin ƙasa da na fiziks a Zariya da Bauchi da Maiduguri kuma, don Allah ku haɗa ɗalibanku a mota ɗaya ku kai su kwazazzaban Gongola, mai lissafi ya riƙe guduma, mai guduma ya ga rikodi, tun kafin su karɓi takardar kammalawa.